Jana'iza ko Hawaye: wanne za ka fara saya cikin tagwayen kundin Mdou Moctar?

Duk lokacin da na ce wa mutum ina son kiɗan indi, sai ya yi murmushi ya ce ashe ni ma ɗan kallon finafinan Indiya ne. Abin ba ruwansa da Indiya. Kalmar guntuwa ce daga Turancin da ke nufin cin gashin kai, kuma ana faɗinta ne ga makaɗan jita da ganguna da ke fitar da waƙoƙinsu a ƙananan kamfanoni, nesa da manyan ukun nan da suka mamaye kasuwar duniya, wato Universal da Sony da Warner. A Amurka da Birtaniya masu son wannan kiɗa suna jiran ranar Juma'a kamar yadda ɗan kasuwa ke jiran ranar kasuwar garinsu, domin a ranar ce ake sakin sabbin kundaye. Ɗaya daga cikin kamfanonin da ake ji da su a wannan fage shi ne Matador na birnin New York, wanda aka kafa a 1989, gidan da ya fitar da Pavement da Yo La Tengo da Cat Power da Interpol. A 2020 wannan gida ya ɗauki wani Ba'abzine ɗan Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar.

Kundinsa biyu na baya-bayan nan su ne suka kawo wannan rubutu. Na farko, Funeral for Justice, ya fito ranar 3 ga Mayu 2024. Na biyu, Tears of Injustice, ya biyo baya ranar 28 ga Fabrairu 2025. Ma'anar sunayen ita ce jana'izar adalci da hawayen zalunci, don haka zan riƙa ce musu Jana'iza da Hawaye don sauƙin baki. Waƙoƙin cikinsu kusan duka iri ɗaya ne, sunayensu ɗaya, baitocinsu ɗaya, makaɗan ma su ɗin ne dai su huɗu. Bambancin shi ne an kaɗa na farko da jitar lantarki da ƙara mai tsaga kunne, na biyu kuma da jitar katako, a zaune, ba hayaniya. Wani ƙanina ya tambaye ni, tunda kuɗinsa ba zai sayi biyu ba, wanne zai ɗauka. Na ba shi amsa a gurguje, daga baya na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon waya.

Kafin mu shiga cikinsu, akwai abin da ya kamata Bahaushe ya sani game da mutumin nan. Ɗan jihar Tahoua ne, ya kuma tashi a gidan da ba a yi na'am da kiɗa ba, shi ya sa ya haɗa jitarsa ta farko da kansa, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin wadda ta cika waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci. Waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori har suka faɗa hannun wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, wanda ya nemo shi. Daga nan hanya ta buɗe: Ilana a 2019, sai Afrique Victime a 2021, kundinsa na farko a Matador. Ke nan mutumin da Turawa suke rububin kallo a manyan bukukuwan kiɗa, har da Coachella a 2024, a situdiyon Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko.

To, Jana'iza. An ɗauke shi cikin kwana 5 a wani gida da kusan babu kayan ɗaki a cikinsa, a arewacin jihar New York, bayan ƙungiyar ta shafe kimanin shekara 2 tana zagayen duniya. Wannan yana da muhimmanci, domin kunne yana jin sa. Mutum huɗu da suka yi wasa tare dare bayan dare ba sa buƙatar kallon juna kafin su juya kiɗa. Ahmoudou Madassane yana riƙe da jitar da ke shimfiɗa hanya, Mikey Coltun, Ba'amurken cikinsu, yana kan jita mai kaurin murya kuma shi ne ya tsara ɗaukar sautin, Souleymane Ibrahim yana kan ganguna. Waƙa 9 ce, tsawonsu duka kimanin minti 40, ɗaya daga ciki ma, Djallo #1, ɗan tsaki ce da ba ta kai minti ɗaya ba.

Jama'a suna yawan magana a kan yatsun Mdou, kuma sun yi gaskiya. Yana kaɗa igiya da ɗan yatsa kai tsaye, ba ya amfani da ɗan robar nan da yawancin makaɗan rok ke riƙewa, sautin kuma yana zubowa a jere kamar ana warware zare daga mazari. Amma ni abin da ya fi kama ni a Jana'iza shi ne mai ganga. Souleymane ba ya barin kiɗa ya zauna wuri ɗaya. Yakan fara da tafiyar raƙumi, sannu a hankali ya ƙara wuta ba tare da ka lura ba, kafin ka farga ka ga ana sukuwa. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin biki a Agadas ko wani gari na arewacin Nijar, inda ake kunna janareta a jona amsa-kuwwa a fili, ya san wannan dabara: ana ƙara sauri ne don masu rawa su tashi. A kiɗan rok na Turai da Amurka mai ganga yakan yi alfahari da cewa bugunsa ba ya gaba ba ya baya, kamar agogo. Nan kuwa ƙara saurin shi ne gishirin miyar, kuma shi ne ya sa kundin bai yi kama da komai ba a cikin abin da Matador ke fitarwa.

Waƙa ta biyu, Imouhar, tana da wata 'yar yaudara. Tana farawa ne ƙasa-ƙasa, a dushe, kamar rediyon maƙwabci ta bayan katanga. Za ka kai hannu ka ƙara murya. Kada ka yi. Bayan ɗan lokaci sai duk ƙungiyar ta faɗo maka a ka lokaci guda. Na san da zuwan wurin, na ji shi ya fi a ƙirga, amma har yau sai gabana ya ɗan faɗi. Sousoume Tamacheq kuma da kururuwar jita take buɗewa, irin ƙarar da amsa-kuwwa ke yi idan makirufo ya matso kusa da ita, sai dai a nan da gangan aka yi, aka kuma sarrafa ta ta zama kiɗa.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Jana'iza yana gajiyar da kunne. Idan ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe da ƙarfi, za ka so shiru na ɗan lokaci bayansa. Muryar Mdou, wadda dama siririya ce, takan nutse a ƙarƙashin jita a wasu wuraren. Sannan kundi ne mai zaɓen na'ura. A ƙaramar lasifikar waya, jitar Coltun da babbar ganga suna ɓacewa gaba ɗaya, abin da ya rage sai tsiwar jita da kwaramniyar faranti, har wanda ke kusa da kai ya tambaye ka ko wayar ce ta lalace.

Labarin Hawaye daban ne, kuma ko da yake shi ne ƙane a fitowa, an ɗauke shi tun kafin wansa ya shiga kasuwa. A watan Yulin 2023 ƙungiyar tana zagayen wasanni a Amurka. Ranar 26 ga watan sojojin fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Aka rufe iyakoki da sararin samaniya, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi tana barazanar kai soja, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Mutanen Illela da Ƙonni, da na Jibiya da Maraɗi, ba sa buƙatar a tuna musu yadda watannin nan suka kasance. 'Yan Nijar uku na ƙungiyar suka maƙale a ƙasar wasu, iyalansu na gida, su kuma ba hanya. Masoya ne suka yi musu karo-karo ta intanet don su samu wurin kwana da abin kai wa baki. Dama suna da niyyar sake kaɗa waƙoƙin ba da lantarki ba, sai zaman dole ya kawo lokacin. Suka shiga situdiyon Bunker da ke Brooklyn, suka zauna ɗaki ɗaya, cikin kwana 2 suka gama.

Wannan zaman jiran yana cikin sautin. Waƙoƙin da suke ihu a Jana'iza, a nan magana suke yi ƙasa-ƙasa, irin ta mutanen da suka yi jugum suna jiran labari daga gida. Ganguna sun ja da baya, murya ta fito fili, har kana jin gogar yatsa a kan igiya. Imouhar ta Hawaye ta kai minti 8, kuma dalilin tsawonta abin dariya ne: sau biyu Mdou ya kaɗa ta a jere, bai tsaya tsakani yadda za a iya raba su ba, sai aka bar ta haka. Abin da ya fi burge ni shi ne amshi. Da hanya ta buɗe suka koma gida, Coltun ya ba Madassane 'yar na'urar ɗaukar sauti ya tafi da ita, shi kuma ya tara Abzinawa a can suka rera amshin, aka haɗa da abin da aka ɗauka a Brooklyn. Saboda haka jagoran waƙar yana rerawa ne daga inda ya maƙale, masu amsa masa kuma suna gida. Da na san wannan, sai kundin ya sake mini kama.

Aibin Hawaye shi ne, idan ba ka ba shi hankalinka ba, waƙoƙin sukan shige cikin juna. Daga tsakiya zuwa gaba tafiyar kusan ɗaya ce, kuma wanda ba ya jin Tamashek, harshen Abzinawa, zai iya ɗaga kai ya rasa ko waƙa ta huɗu ake ko ta shida. Haka kuma, a faɗi gaskiya, ba kundin rok ba ne. Wanda ya zo neman abin da zai girgiza ɗaki zai koma hannu rabbana.

A nan ne nake ganin kunnen Bahaushe ya sha bamban da na Bature, kuma a nan ne shawarata ta ginu. Ga mai sauraro a Landan ko Chicago, jitar lantarki mai ƙara abincin yau da kullum ce, don haka Hawaye ne baƙon abu a wurinsa, shi ne yake buɗe masa wata duniya. Mu kuwa da muka tashi da gurmi da garaya da molo, da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, igiya ɗaya ko biyu tana zagaya jimla guda, mawaƙi yana bayarwa ana amsawa, Hawaye zai shige mu ba tare da sallama ba. Daɗinsa a kusa yake. Wanda ya saba jin makaɗan Abzinawa irin su Tinariwen ko Bombino a motocin da ke hawa hanyar Agadas zai ce ai ya san wannan. Jana'iza ne zai ba mu abin da ba mu da shi a gida: a ɗauki wannan zagayen igiyar da muka sani, a jona masa wuta, a tura shi har inda na'ura za ta iya ɗauka. In dai dalilin sayen sabon kundi shi ne mutum ya ji abin da bai taɓa ji ba, to kuɗin Bahaushe ya fi cin riba a Jana'iza.

Sai dai in aka bi waƙa-waƙa, ba ko'ina wan yake kayar da ƙanen ba. Takoba, wadda sunanta ke nufin takobin Abzinawa, kalmar da kowane Bahaushe zai gane ba tafinta, dama mai sanyi ce ko a Jana'iza, don haka cire mata lantarki bai rage ta da komai ba, ni ma na fi son ta Hawaye. Modern Slaves, wadda ke rufe kundin, haka take: kuka ce tun asali, kuma kuka ya fi kyau ba amsa-kuwwa. Amma waƙar farko, mai ɗauke da sunan kundin, wadda a cikinta yake tuhumar shugabannin Afirka da cewa ba sa jin kowa sai Faransa da Amurka, tana buƙatar ƙara. Tuhuma ce, ba a yin ta da raɗa. Oh France ma haka. A Jana'iza jitar tana yi wa Faransa tsawa, a Hawaye kuma kamar dattijo ne ke lissafa laifuffukan da aka yi masa, ba ya ɗaga murya domin ya gaji. Kowacce da ranarta, amma ta farkon ce take sa ni tsayar da abin da nake yi. Imouhar kaɗai ce na kasa yanke wa hukunci. Kira ce ga Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu saboda Faransanci, kuma duk wanda ya ga yaran da aka haifa a gidan Hausa suna in'ina da Hausa zai ji ta a jikinsa, ko da wace jita aka kaɗa ta.

Wani abu da ya kamata a gyara, domin na ji ana faɗinsa: Jana'iza ba waƙar yabon sojoji ba ce. An gama shi kafin juyin mulki. Abin da ya biyo baya, ficewar sojojin Faransa daga Nijar a Disamba 2023 da ta Amurkawa daga sansaninsu na Agadas a 2024, shi ya sa kundin ya yi kama da duba. Mdou da bakinsa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan juyin mulkin, amma kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Mutumin da ya yi zama a Arlit, garin da aka shafe shekaru tun farkon 1970 ana haƙar yuraniyom ana kai wa tashoshin lantarkin Faransa alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana a duhu, ba ya buƙatar soja ya koya masa wannan fushi. Duk wanda zai sayi ɗaya daga cikin kundayen don ya samu taken siyasar ɓangarensa, ko wane ɓangare ne, zai ga waƙoƙin sun fi shi faɗi.

Yanzu maganar aljihu da na'ura, wadda ita ce takan yanke hukunci a ƙarshe ko mutum ya so ko bai so ba. Tambayi kanka da me kake jin waƙa, kuma a ina. In kana da iyafis mai kyau, ko lasifikar Bluetooth mai ɗan nauyi, ko mota mai sauti, Jana'iza zai nuna maka kansa, musamman a doguwar hanya da rana tsaka lokacin da barci ke neman direba. In kuwa lasifikar waya ce kaɗai gare ka, ko kana kwana ɗaki ɗaya da yara, ko kana son abin da zai raka ka karatu da shan shayi bayan isha'i, kada ka wahalar da kanka, ɗauki Hawaye. Jitar katako da murya ba sa asara sosai a ƙaramar lasifika. Akwai kuma maganar gida: Hawaye za ka iya kunna shi a gaban baba ya yi shiru yana saurare, wataƙila ma ya tambaye ka ko daga Azbin ne. Jana'iza kuwa za a aiko yaro ya ce ka rage.

Dukansu suna kan Spotify da Apple Music da YouTube, saboda haka ɗanɗanawa ba ta cin komai sai data. Amma in ana maganar saye, shafin Bandcamp ne wurin da masu son kiɗan indi suka fi yarda da shi, domin kaso mafi tsoka na kuɗin yana tafiya ga mawaƙi da kamfaninsa, kai kuma ka sauke waƙoƙin su zama naka, ko da sabis ko babu. Tun Maris 2020 shafin yakan ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe nasa kason gaba ɗaya, don haka mai haƙuri zai iya jiran irin wannan rana. Matsalar ita ce da kuɗin waje ake biya, katin naira kuma ba kullum yake wucewa ba. Faifan garmaho, wanda ya dawo yayi a Turai da Amurka, ana buga kundayen biyu a kansa, sai dai kuɗin aiko shi zuwa Kano ko Zinder zai iya fin kuɗin faifan, ga zafinmu da ke lanƙwasa shi in aka bar shi a mota. Sai mai garmaho da ɗan'uwa mai dawowa daga waje.

Idan kuma ta ƙofar Turawa ka shigo wannan kiɗa, wato kana cikin waɗanda suka yi murna da kundin Romance na ƙungiyar Fontaines D.C., 'yan Dublin, a Agusta 2024, ko Manning Fireworks na MJ Lenderman a watan da ya biyo baya, to babu dogon tunani. Jana'iza ne ɗan ajinsu, shekararsu ɗaya, kuma a gejin ƙarfin jita ya fi su duka biyun zafi. Za ka dawo ga Hawaye daga baya, lokacin da ka haddace waƙoƙin har kana son jin yadda suke in an tuɓe musu kaya. Wannan jerin yana da amfani: wanda ya fara da Jana'iza yana jin Hawaye a matsayin amsa, yana lura da duk gurbin da aka bar shiru a inda da ake ihu. Wanda ya fara da Hawaye kuwa, sau da yawa Jana'iza yakan zo masa kamar an ɓata waƙar da ya riga ya so.

Abin da na ce wa ƙanina ke nan a karo na biyu: ya sayi Jana'iza, ya riƙa jin Hawaye a intanet kafin kuɗi su samu. Ya ce shi lasifikar waya gare shi. Na ce to ya fara sayen iyafis. Kafin nan kuma ya yi gwaji ɗaya da ba zai ci masa minti 15 ba, ya kunna Imouhar ta Hawaye har ta ƙare, ya bi ta da ta Jana'iza, kuma in ya ji farkonta a dushe ya bar maɓallin ƙara murya a inda yake.